Mujallar da Na Ɗaure da Igiya

Ku yaran yanzu in kun bi ta Ƙofar Marusa kuka hango ni a gindin bedi, wato dogonyaro, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ku ce tsohon nan ya more, aikinsa zama da kallon masu wucewa. Wani jikana ma cewa ya yi in ya gama makaranta bai samu aiki ba, zai zo ya karɓi teburin ya huta. To, ku matso ku ji irin hutun. Sunana Sada, amma in ka ce Sada a unguwar nan sai an tambaye ka wane, sai ka ce Mai Jarida. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, saura kuwa a kanun labarai na tsince shi. In kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi haƙuri, ƙafar da Allah ya ba shi ke nan.

Aikin farko da maigidana Malam Ilu ya ba ni shi ne tsintar duwatsu. Na zo da zumuɗi ina zaton keke za a ba ni da jaka, sai ya ce in je in samo duwatsun danne jarida. Na kwaso masa cike da riga, ya zubar da su duka. Mai kaifi yana huda shafin farko, mai ƙasa yana ɓata shi, marar nauyi kuma iska ta tafi da shi da jaridar gaba ɗaya. Da na samo masu sulɓi, sai aka shiga karatun inda ake ajiye su. Ba a tsakiya ake ɗora dutse ba. A kan rabin babban labari ake ɗora shi, yadda mai wucewa zai ga "An kama" amma ba zai ga wanda aka kama ba. Mai son sanin ko wane ne, sai ya sa hannu a aljihu. Har yau wasu daga cikin duwatsun nan suna kan teburina, sun fi wasu 'ya'yana daɗewa tare da ni.

Tarbar motar jarida a tasha da sassafe kowa zai iya, ƙarfi ne kawai da haƙurin jira. Abin da ke raba mai jarida da ɗan dako shi ne sanin yawan da zai ɗauka. Ka ɗauki da yawa, su yi kwantai, su kwana a kanka. Ka ɗauki kaɗan, mai saye ya zo bai samu ba, ya koma wani teburi, kuma ya tafi ke nan. Duk sana'ar a tsakanin nan take. Kuma ba a sanin haka ta hanyar tambaya. Malam Ilu yakan ce, "Baki ba ya sayen jarida, Sada. Yatsa za ka duba." Gaskiyarsa. Bakatsine ba ya ce maka a'a a fuska. Zai ce in sha Allah, ya yi maka addu'a, ya tambayi iyali, ya raka ka har bakin titi, kuma ba zai saya ba har abada.

Saboda haka in sabuwar jarida ko mujalla ta fito, Malam Ilu yakan huda kwafi ɗaya a kusurwa, ya zura igiya ya ɗaure a ƙafar teburi, ya bar wa majalisa. Majalisa su ne 'yan karatun kyauta, waɗanda kowane teburin jarida yake da nasa. Su zo da safe, su karanta, su yi gardama, su naɗa gwamna su sauke shi, su tashi ba su sayi ko ashana ba. Bayan 'yan kwanaki sai ya kwance kwafin ya ɗaga shi a rana. Inda yatsu suka yi baƙi, nan mutane suke. In dattin a bango kaɗai ya tsaya, mujallar ta ado ce, a ɗauki kaɗan. In ya shiga ciki har takarda ta yi laushi, a ƙara oda.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ce ta karya ƙashin bayan sana'ar, ko da yake waya ta daɗe tana gwaguyarsa. Motar jarida ta daina zuwa. Da aka buɗe gari, motar ta dawo amma masu saye ba su dawo ba, kowa ya saba duba labari a tafin hannunsa. Na koma sayar da kwantai ga masu tsire da masu ƙosai, a kan sikeli kamar hatsi. Akwai ranar da na sayi tsire aka naɗe mini shi a cikin jaridar da na kasa sayarwa. Na tsaya na karanta ta da mai a jiki, na ce ashe dai sai da nama kike shiga.

Babban ɗana Kabiru, mai gyaran babura, shi ya gaji da gani. Wata rana ya ishe ni a teburi ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, wannan ba sana'a ba ce yanzu, gadin takarda ne. Na saya maka kujera mai hannu, tana gida. A naɗe teburin nan ka zauna ƙofar gida ka huta."

Na ga kujerar. Mai kyau ce, har da katifa. Irin wadda in tsoho ya zauna a kai ba ya sake tashi sai an ɗauke shi. Na ce, "Ka ba ni zuwa babbar Sallah. In teburin nan bai samu sabon kayan da zai riƙe shi ba, ni da hannuna zan naɗe shi." Ya ce ya ji. Magana ta fita a gaban majalisa, ba ta komawa.

A cikin wannan tsakanin ne Malama Rabi ta zo. 'Yar unguwar Kambarawa ce, tana koyar da kwamfuta a wata makaranta. Marigayi mahaifinta mai sayen jarida ne na gaske, na san ta tun ana aiko ta karɓar masa. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba, mujalla nake son fitarwa, amma ban san ko akwai masu karantawa ba, ban kuma san ko akwai mai ba ni talla ba. Ba na son in zuba abin da na tara a maɗaba'a ya ƙare a hannun mai tsire."

Na ce, "Ɗiyata, mai tsire ma ya cika. Mujallar mi ce?"

Ta yi mini bayani har sau uku kafin ya shiga. Wai kowace kwamfuta akwai babbar manhaja a cikinta da ke tayar da ita, in babu ita akwati ce kawai. Wadda aka saba da ita saye ake yi, ko a sato. Amma akwai wata da mutanen duniya suka haɗu suka rubuta, suka bar ta kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, kuma ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukarta. Na ce, "Rijiyar unguwa ke nan." Ta ce haka ne, sai dai mutane ba su san hanyar rijiyar ba, mujallar ita ce za ta nuna musu.

Na ce, "To mi ya kai ki ga takarda, alhali takarda ta mutu?"

Ta ce, "Mai gyaran kwamfuta hannunsa biyu suna kan aiki, data ta yi tsada, wuta ba ta tsayawa. Takarda kuwa in ka buɗe ta a gefenka haka za ta zauna." Ta ƙara da cewa ta tambaya a wani zauren waya, kowa ya yaba ya ce zai saya. Na fara dariya, ta riga ni. "Na sani, Baba. Ni ma ban yarda da su ba, shi ya sa na zo wurinka."

Muka yi yarjejeniya. Ni zan auna mata gari. In masu karatu sun bayyana kuma aka samu mai talla, za ta buga, kuma ta teburina mujallar za ta shiga Katsina. Ban gaya mata maganar kujera ba. Majalisa ce ta gaya mata kafin ta kai bakin titi.

Gardamarmu ta farko a kan harshe ce. Ita ta ce da Hausa za ta rubuta. Ni kuwa, da ban iya Turancin da ya wuce na kanun labarai ba, na tsaya kai da fata sai Turanci. Na ce duk wanda ya mallaki kwamfuta ɗan boko ne, kuma tunda nake ban ga ɗan boko ya riƙe takardar Hausa a bainar jama'a ba. Da ta ga ba zan sauka ba, sai ta yi samfuri iri biyu, 'yan shafuka kaɗan, ta yi hoton takarda ta ɗinke da fil. Na huda ɗaya na kowane iri na ɗaure a ƙafar teburi. Sauran na Turanci na zuba a jaka, na hau tsohon kekena na nufi GRA, ina cika baki cewa manyan da na yi shekaru ina kai wa jarida su za su fara rububi.

Ofis-ofis na bi. An karɓe ni da mutunci, kowa ya ce a bar masa ya duba. Da na koma karɓa, sai na ishe su fes kamar an wanke da sabulu. Guda ɗaya ce kawai ta nuna alamar an yi aiki da ita, zagayen gindin kofin shayi ne a bango. Wani babban ma'aikaci ya ce mini, "Malam Sada, mu in kwamfuta ta ƙi tashi, rubutawa muke a kawo sabuwa." Na dawo ina tura keke, don sarƙa ma ta ƙi ni a ranar.

Na teburi kuwa, da na kwance su na ɗaga a rana, na Turancin bangonsa ya yi baƙi ƙirin, cikinsa fari fat. 'Yan majalisa riƙe shi suke a tsaye don masu wucewa su gani. Na Hausar bangonsa da sauƙi, amma cikinsa ya yi laushi, ga man ƙosai, ga alamar farce a ƙarƙashin layuka. Ɗalibai da masu shagon buga takardu sun riƙa tsayawa suna ɗaukar shafukan hoto da waya, wasu har suna tambaya ko akwai na sayarwa. Na kira Rabi na nuna mata. Ta duba ta ce, "Baba, wane ne ya ci?" Na ce, "Malam Ilu ne ya ci. Ni dama gwada ki nake." Ba ta yarda ba, majalisa ma ba ta yarda ba.

Masu karatu dai sun samu, amma masu karatu ba su riƙe mujalla su kaɗai. Kuɗin da ake sayar da ita ko na takarda ba ya kaiwa, talla ce ke ɗaukar nauyi. Muka shiga zagayen shaguna ni da ita, da sabon samfuri mai tsabta a cikin leda. Mai sayar da sabbin kwamfutoci ya zaunar da mu, ya aika aka kawo mana ruwan sanyi, ya yaba wa Rabi, ya yi wa mahaifinta addu'a. Da muka fito ta ce, "Wannan kam kamar zai ba mu." Na ce, "Ɗiyata, ruwan nan shi ne tallar. Mun sha ta." Wani mai saka wa mutane manhaja kuwa bai ɓoye ba. Ya ce, "Wato ku koya wa mutane su yi da kansu abin da nake karɓar kuɗi a kai, kuma ni in biya ku? Baba, da girmanka?" Na ce ya yi gaskiya, muka yi sallama. Haka muka yi ta yawo, Sallah tana matsowa, raguna sun fara cika bakin titi. Kabiru in ya wuce sai ya rage gudu ya ce, "Baba, kujera tana gaishe ka."

Wata safiya na zo shimfiɗa kaya, na ɗauki na Hausar da ke ɗaure, sai na ji ya yi mini sauƙi a hannu. Na buɗe. An yage shafi ɗaya daga tsakiya, yaga mai tsabta, irin ta wanda ya ninke ya bi da farce. Majalisa ta yi ta rantse-rantse. Ni kuwa murna ta kama ni, don a duk shekarun da na yi, wanda ya saci shafi ya fi masu in sha Allah ɗari amfani. Na aika wa Rabi ta zo. Ta duba ta ce shafin da ke bayanin yadda ake tayar da tsohuwar kwamfutar da ta gaji ne. Sannan ta yi murmushi ta ce, "Rabin bayanin ya ɗauka. Sauran yana shafi na gaba. In da gaske aiki yake da shi, zai maƙale a tsakiya, dole ya dawo."

Na mayar da mujallar na ɗaure kamar ban ga komai ba. Bayan azahar, lokacin da majalisa ke watsewa neman abinci, sai in jingina da bedi, in ja hula kan ido, in saki baki. In akwai abin da na ƙware a kai fiye da sayar da jarida, to barcin ƙarya ne, matata shaida ce. Ban daɗe ina wannan gadi ba sai ga kifi. Takun dattijo ne, da ƙamshin turare. Ya yi sallama a hankali don ya gwada ni, na amsa da minshari. Ta ƙasan hula na ga Alhaji Ummaru ne, mai sayar da kayan gwanjo a bayan kasuwa, mutum mai jikoki da babbar riga. Ya zauna a benci, ya ninke shafin, ya bi da farce, ya ɗan lasa, sannan ya yi tari mai ƙarfi ya ja.

Na ce, "Alhaji, tarin nan naka yana son magani."

Ya daskare da takarda a hannu. "Malam Sada, ashe ba barci kake ba?"

"Barci nake. Kunnena ne ke gadi. Ina wuni, ina iyali?"

Sai da muka gaisa tsaf, ya tambayi mutanen gida na tambayi nasa, takardar tana hannunsa. Sannan ya fashe da dariya ya faɗi gaskiya. Yana da ɗaki guda cike da tsofaffin kwamfutoci da ya saya a gwanjon ofisoshi, sun yi nauyi ba su motsi, ba mai taya su. Wayarsa ƙarama ce ba ta ɗaukar hoto, shi ya sa ya yaga. Mai gyaransa ya bi shafin farko, kwamfuta ta tashi rabi ta tsaya. Na ce, "Mi ya hana ka tambaya?" Ya ce, "In tambaya a gaban majalisarka, kafin la'asar duk 'yan gwanjo su ji? Ai yagewar ma da biyu na yi, don kada waninsu ya karanta."

Washegari na kai Rabi shagonsa. Ta zauna a gaban akwatin nan mai ƙura, ta soka ɗan filash mai ɗauke da manhajar, ta yi ta danne-danne. Ni ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na san abin da ake yi. Can sai fuskar kwamfutar ta yi haske, ta buɗe, ta shiga gudu kamar ɗan maraƙi. Alhaji ya yi salati. Ya dubi ɗakin, ya dubi Rabi, sai ya ce, "Malama, bar maganar mujallar nan. Ki tayar mini da su duka, in biya ki da kyau, magana ta tsaya tsakaninmu."

Na ji kujera ta matso har bayan gwiwata. Tayin mai kyau ne, ba wahalar maɗaba'a, ba kwantai, kuma ba ni da bakin hana ta. Sai Rabi ta ce, "Alhaji, in na tayar da su, wanda ya saya zai buɗe ya ga abin da bai saba gani ba. Wa zai koya masa? Gobe zai dawo maka da ita ya ce ka sayar masa da mai aljanu."

Nan na samu ƙofa. Na zaro yagaggiyar mujallar daga aljihu, da igiyarta da man ƙosanta, na shimfiɗa a kan teburinsa. Na ce, "Alhaji, dubi baƙin nan. Kowane yatsa a nan na mai son kwamfuta ne da ba shi da kuɗin sabuwa. Masu sayenka ne, suna tsaye a teburina ba su san ƙofarka ba. Ni ban san komai a kan akwatunan nan ba, amma datti na san shi."

Ya ɗaga ta ya duba a hasken ƙofa, kamar marigayi Malam Ilu ya dawo. Bai kawo mana ruwa ba. Bai ce in sha Allah ba. Ya tambayi kuɗin talla, Rabi ta faɗa, ya dafe ƙirji ya ce, "Kai! Ashe ɓarayin suna nan, ni ake zargi!" Na taka ƙafata a ƙasa don kada in yi guɗa. Ku riƙe wannan, yara: ranar da mutum ya fara zagin farashinka, ranar ka samu ciniki. Aka yi ta ja, ya tashi ya zauna, ya ce mu tafi, ya kira mu. Da aka daidaita sai ya kafa sharaɗi. Ba ya son bangon baya, inda kowa ke so. A bayan shafin tsakiya za a sa tallarsa.

Rabi ta ce, "Alhaji, don mi?"

Ya ce, "Don duk wanda ya yage shi ya tafi gida da sunan shagona. Na san halinsu."

Mujallar ta fito ana saura kaɗan Sallah. Siririya ce, kuma na hana Rabi buga yawan da take so, don tsoron kwantai bai taɓa sakina ba. Wani mai sayar da batura da ya ga tallar Alhaji ya zo da ƙafarsa ya nemi gurbi. Ba mu yi arziki ba, akwai watan da ake kwantai, kuma kullum sai mun sake auna gari. Na sayarwa a leda suke a liƙe, ɗaya kuma tana ɗaure da igiya. Dutsena yana kan rabin babban labari: mai wucewa yana ganin "Yadda za ka tayar da", ba ya ganin mi za a tayar.

Bayan Sallah Kabiru ya zo ya tsaya yana kallon ɗalibai suna miƙo hannu. Ya ce, "To Baba, kujerar fa?" Na ce ya ɗauko ta a babur ya kawo nan. Tana gindin bedi yanzu, kusa da teburi. Ba na zama a kanta. Ta wanda ya sayi mujalla ce, ya zauna ya buɗe ledarsa a mutunce, majalisa tana kallo daga benci.